Barka da Kirsimeti daga Ingila, zuwa gidanmu na Kakuri

25 ga Disamba

Baba da Mama, da dukan mutanen gida,

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanmu da Kirsimeti, Allah ya maimaita mana. Ina fata kun tashi lafiya, hunturun bana kuma bai tayar wa Baba da tarinsa ba. Ni lafiya lau nake, sai dai kewa. Da safe mun gaisa ta WhatsApp, amma ga layi yana yankewa, ga yara suna ƙwace waya, ga Mama tana kiran a ƙaro itace, har aka kashe ban faɗi rabin abin da ke raina ba. Auta, ki karanta musu wannan da dare in baƙi sun watse, ki kuma ɗaga murya saboda Kaka.

Garin nan yau tsit yake. Babu bas, babu jirgin ƙasa, manyan kantuna duk a rufe, don doka ce ta hana su buɗewa ranar Kirsimeti. Kowa ya shige gida da iyalinsa ya ja ƙofa. Fitilu masu launi suna ta ƙyalli a tagogi, gwanin kyau, amma ba a jin ganga, ba a ganin yaro ko ɗaya da sabon ɗinki yana yawon barka da Kirsimeti. Kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe. Ni kuwa sai duban agogo nake yi ina ƙara awa ɗaya: yanzu an taso daga sujada, yanzu 'yan Sabon Rai, masu yawon bishara da waƙa, sun shigo layinmu, yanzu ƙura ta turnuƙe a ƙofar gida.

Abincinsu na yau gasasshen talo-talo ne da dankalin Turawa da wani ɗan mitsitsin kabeji mai ɗaci-ɗaci. Na ci, na gode wa Allah. Amma Mama, shinkafarki nake so. Shinkafa akwai ta a nan, a Manchesta ma shagunan 'yan Afirka da na 'yan Pakistan har attaruhu da manja suna sayarwa. Hayaƙin itace ne babu. Babu tukunyar nan da sai mutum biyu ke sauke ta daga murhu. Babu naman watanda, wanda Baba da abokansa suke fara tara kuɗinsa tun damina ba ta gama ɗaukewa ba, a kayar da sa ran jajibere, a kasa shi kashi-kashi, kowa ya ɗauki rabonsa har da kayan ciki. Ina tuna layin injin markaɗe tun da asuba, bokiti bayan bokiti, da yadda kike soya tumatir a man gyaɗa har tsamin ya mutu, mai ya taso sama, ba kya yarda kowa ya sa miki hannu. Ga cincin da muke raba dare muna yankawa, Gwaggo tana gadin fanteka kada ya ƙare kafin gari ya waye. Sai kuma ƙanzo! Tukunyar lantarkin da nake da ita tana dafa shinkafa warwara, tas, amma ba ta barin ƙanzo ko kaɗan, ni kuwa shi nake ta marmari tun jiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ma shi ne rabon. A gidanmu ba a taɓa zuba wa 'yan gida ba sai kwanukan maƙwabta sun fita. Muna dawowa daga coci, ko takalmi ba mu cire ba, Mama za ta jera samira da kula, ta ce wannan na gidan Hajiya, wannan na mai shago, wannan na gwauruwar nan ta bayan famfo, a ƙara mata nama don tana da marayu. Kaji kuwa Baba ba ya yanka su da kansa, sai ya aika a kira Malam, don kada a sami wanda zai kasa ci. Ran Babbar Salla mu ma haka soyayyen naman rago yake shigo mana. Ko bayan rikicin 2000, da mutane suka yi ta ƙaura, wasu suka haye gada, wasu suka gangaro kudu, har kogin Kaduna ya koma iyaka tsakanin jama'a, da Hajiya ta koma Tudun Wada, kular Mama ba ta fasa zuwa ba, Yaya ne yake kai ta a acaɓa. Shekarar da masaƙa ta rufe, Baba ya zauna ba albashi, nama ya ragu a cikin miya amma ba a rage kwano ko ɗaya ba. Da safen kowace Kirsimeti Baba zai buɗe Luka sura 2, ya karanta yadda aka rasa wa Maryamu masauki, ya rufe Littafi Mai Tsarki, ya ce to a tashi a kai abinci. Bishara ta farko da na fahimta a rayuwata ke nan, ina ɗauke da kwano mai zafi a ka.

Shi ya sa bana na ce ni ma sai na fitar da kwano. Na sayo kaji wurin wani mahauci Musulmi, na yi miya daidai gwargwado, na rage yaji saboda bakinsu. A nan al'adarsu kati ake zurawa ta ƙofa, ba a ƙwanƙwasa wa mutum sai da sanarwa, don haka gabana yana faɗuwa na fita. Tsohon da ke kusa da ni, wanda matarsa ta rasu, ya daɗe yana kallon kwanon kafin ya karɓa. Ya ce in shigo in sha shayi, na tarar shi kaɗai ne, ya kunna talabijin yana jiran jawabin Sarki Charles na ƙarfe uku. Muka kalla tare. Iyalin 'yan Pakistan da ke tsallaken titi kuwa, ina ce musu yankan Musulmi ne, uwar gidan ta rungume ni, ba a jima ba yaronta ya dawo mini da kwanona cike da alewar madara. Na tsaya a bakin ƙofa hawaye suna zubo mini, sai na ga kamar ɗan Hajiya ne. Ashe ko a ƙasar sanyi zumunci a ƙafa yake.

Na san Mama za ta tambaya ko na je coci. Jiya da dare na je, don yau da safe ina bakin aiki, tsofaffin da muke kula da su ba su da hutun Kirsimeti. A wurin aiki ba a yarda ma'aikaci ya yi wa kowa wa'azi ba, kuma na riƙe wannan doka. Da farko abin ya yi mini nauyi, ni da na tashi cikin masu fita bishara ƙauye-ƙauye. Yanzu kuwa ayar nan ta Kolosiyawa 3:23, wadda ta ce duk abin da za mu yi mu yi shi da zuciya ɗaya domin Ubangiji, ita nake shiga aiki da ita. In zan yi wa tsohuwa wanka, sai na taɓa ruwan na tabbata da ɗuminsa, in rufe mata jiki yadda zan rufe wa Kaka. In wani ya zage ni don hankalinsa ya gushe, ba na ramawa, ba na kuma rage masa abin da ya kamata. Abin da ban yi ba, ba na rubuta cewa na yi, ko da babu mai gani. Akwai wata da mantuwa ta cinye, ko 'ya'yanta ba ta ganewa. Yau ina taje mata kai ina ɗan rera waƙar Kirsimeti da Hausa, sai na ji ta kama da Turanci, baiti bayan baiti, ba ta ɓata ko ɗaya ba. Muryar waƙar ɗaya ce, tun da daga nan aka kai mana ita aka juya da harshenmu.

Cocinsu sai a hankali. Ƙidayar da aka yi a 2021 ta nuna waɗanda suka ce su Kirista ne a Ingila da Wales ba su kai rabin jama'a ba, kashi 46 ne cikin ɗari, kuma da idona na ga tsofaffin majami'u da aka mayar gidajen haya. Wanda nake zuwa yawanci masu furfura ne, awa ɗaya an gama, ba rawa, ba guɗa. Ina kewar Zumuntar Mata, da zanen nan iri ɗaya, da bugun tulu da kacau-kacau, Mama a gaba tana ba da waƙa ana amsawa, ana takawa zuwa wurin baiko. Amma ba zan yarda a ce musu marasa bangaskiya ba. Tsofaffin nan ne kowane mako suke tara gwangwanaye da taliya da madara su raba wa mabukata, ba sa tambayar mutum addininsa, kuma ba wanda yake jin an tozarta shi. Ni ma na shiga cikinsu duk ranar da ba ni da aiki. Ina ma a ce cocinmu ya duba wannan, a riƙa yi duk mako, kada a jira sai Disamba.

Cikin kuɗin da na aiko, Baba, a fitar da zakkata a kai coci, a sai wa Kaka magani, saura kuma a taimaka wa gwauruwar bayan famfo da kuɗin makarantar ƙaraminta. Kada a ce daga wurina ne.

A gaida Yaya da matarsa da yara. A gaida Kawu da mutanen Sabon Tasha, da su Inna na Narayi, da duk 'yan uwa na Kafanchan. A gaida Baba Fasto da Mama Fasto da dattawan ikilisiya, da 'yan kwaya. Gwaggo, ina gaishe ki gaisuwa ta musamman, na san bana ma ke kika tsare cincin, ki ajiye ƙarfinki, ki bar wa yara wanke-wanke, ƙafar nan tana bukatar hutu. A gaida Malam, a ce ina tuna dabinon da yake ba mu in ya gama yanka. Wanda ya kai wa Hajiya abinci ya ce mata 'yarta ta Ingila tana gaisuwa, ya faɗa mata labarin alewar madara, na san za ta yi dariya har ta share hawaye. A gaida mai shago da mai markaɗe.

Kaka, Kakata. Auta, ki matso kusa da kunnenta. Kaka, ina jin ɗumin addu'arki har nan. Rigar sanyin da na aiko ki riƙa sa ta, ba ta ajiya a akwati ba ce. Ki ci nama, in ya yi tauri a daka miki. Ki ci gaba da kiran sunana a addu'ar asuba yadda kika saba, ni ma kullum ina kiran naki. Allah ya ja da ranki har in zo in zauna a gindin ƙafarki ki yi mini gwaten acca da yakuwa da hannunki.

Auta, ke kuma ki dage da karatu. In kun je Kagoro bikin Afan ran 1 ga Janairu ki ɗauko mini hotuna, har da dutsen. In an sami mai zuwa, a aiko mini da daddawa da kuka da acca ko mudu ɗaya ne.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.

Taku har kullum,
'yarku