Yaushe haƙurin talaka yake ƙarewa?

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na bi muhawarar da kuka kawo kwanan baya kan ko tazarar da ke ƙara faɗi tsakanin mai kuɗi da talaka za ta iya kai mutane ga tarzoma. Baƙonku ɗaya ya ce yunwa ce ke fito da mutane titi, ɗayan kuma ya ce talaka ya saba da wahala, ba abin da zai yi. Ni dai babu wanda ya gamsar da ni a cikinsu, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Da yunwa kaɗai ke ta da tarzoma, da ƙasashen da suka fi kowa talauci ba su taɓa runtsawa ba. Mutumin da ya wayi gari bai san abin da zai sa a bakin 'ya'yansa ba, ina ya ga lokacin zanga-zanga? Yini ɗaya bai fita nema ba, gidansa ne zai kwana da yunwa. Paul Collier da Anke Hoeffler, masana tattalin arziki da suka bi diddigin yaƙe-yaƙen basasa daga 1960 zuwa 1999, ba su sami alaƙa mai ƙarfi tsakanin tazarar samun kuɗi da ɓarkewar yaƙi ba. Har nan baƙonku na biyu yana da abin kamawa.

Amma ya dubi Chile kafin ya saki jiki. Ƙasa ce da aka daɗe ana buga misali da ita a Kudancin Amurka, talauci ya ragu sosai tun daga 1990, masu zuba jari suna ta yabo. A watan Oktoban 2019 aka ƙara peso (kuɗin ƙasar) 30 a kan kuɗin jirgin ƙasa na birnin Santiago, ƙarin da ko mai ƙaramin ƙarfi zai iya cewa bai taka kara ya karya ba. Ɗalibai suka fara tsallake shingen biyan kuɗi, kafin a ankara an ƙona tashoshi, an fito da sojoji, mutum fiye da miliyan ɗaya sun cika titi a rana ɗaya. Abin da suke faɗa shi ne, maganar ba ta peso 30 ba ce, ta shekara 30 ce. Waɗanda suka fito ai ba mabarata ba ne. Mutane ne da aka ce musu su yi karatu, su ci bashi, su yi haƙuri, rabonsu na nan tafe. Suka yi duk abin da aka ce, sannan suka ga kuɗin fansho bai riƙe tsoho, asibitin mai kuɗi daban na talaka daban, kuma sunan gidan da aka haife ka ya fi takardar shaidarka amfani. Tun 1970 masanin kimiyyar siyasa Ted Gurr ya yi bayanin wannan: abin da ke harzuƙa mutum shi ne ratar da ke tsakanin abin da yake ganin haƙƙinsa ne da abin da ya zo hannunsa.

Sai kuma wulaƙanci, wanda ban ji ko ɗaya daga cikin baƙinku ya ambata ba, alhali a ganina shi ne ashanar. Mohamed Bouazizi ɗan shekara 26 ne, yana tura baron kayan marmari a garin Sidi Bouzid na Tunisiya. Talauci dai ya daɗe da shi bai ƙona kansa ba. Ranar 17 ga Disamba, 2010, jami'ai suka ƙwace masa kayan sana'a, ya je ofishin gwamna kai kuka, aka ƙi sauraronsa. Nan ya banka wa kansa wuta. Ranar 14 ga Janairu, 2011, shugaban ƙasar, Ben Ali, wanda ya shekara 23 a kan mulki, ya gudu Saudiyya. Wata ɗaya bai cika ba. Mutanen Tunisiya sun san iyalan shugaban sun kame manyan harkokin kasuwancin ƙasar, sun kuma san mai baro ba shi da inda zai kai ƙara. Ranar da suka ga abubuwan biyu a jikin mutum ɗaya, tura ta kai bango.

Tsadar burodi takan yi irin wannan aikin, daga Faransa a 1789 zuwa Masar a 1977 zuwa garin Atbara na Sudan a 2018. Ko'ina ka duba, itacen ya daɗe da bushewa kafin a ƙyasta.

Abin da ya fi damuna, kuma shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa, yadda wasu ke maganar tarzomar talakawa da wani irin zumuɗi, kamar ranar sakamako ce da masu kuɗi za su ɗanɗana kuɗarsu. Wa ya taɓa ganin haka? Afirka ta Kudu na cikin ƙasashen da tazarar ta fi muni a duniya, kuma tazarar har yau tana bin layin launin fata da mulkin wariya ya shata. A watan Yulin 2021, bayan an ɗaure tsohon shugaban ƙasar, Jacob Zuma, aka shafe kwanaki ana wawashe kantuna a lardunan KwaZulu-Natal da Gauteng. Mutum fiye da 350 suka mutu, mafi yawansu talakawa, wasu a turmutsitsin wawaso. Kantunan da aka ƙona, da yawa na unguwannin marasa galihu ne, ma'aikatan cikinsu suka wayi gari ba aiki, maƙwabta kuma suka koma bin dogon layi don sayen abinci. Mai kuɗi yana da inshora, yana da masu gadi, yana da fasfo. Mai ƙaramin shagon da aka fasa fa? Kuma 'yan siyasar da suka hura wutar suna da tasu manufar, wadda ba ta haɗa hanya da cikin talaka ba.

Don haka ina roƙon ku sake kawo wannan batu, amma a canza tambayar. A tambayi baƙin: idan aka zalunci mai ƙaramar sana'a, yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa a buɗe masa? Ɗan lebura da ya yi karatu, yana iya samun aiki ba tare da uban gida ba? In aka ce a ɗaure ciki, na sama ma suna ɗaure nasu? Kuma don Allah, a wannan karon a sa mai tura baro ko mai wanki da guga a cikin baƙin, a ba shi lokaci daidai da na farfesa.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Mai bibiyarku a kullum