Rediyo ba ta ganin laka, a kawo mana IRM kusa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarku kan wata magana da ta yi yawa a bakinmu nan Tawa: "An yi masa rediyo, ba a ga komai ba." Rediyo a nan hoton asibiti nake nufi, wato X-ray. Da an ji haka sai dangi su naɗe tabarma a koma gida, a shiga sakiya da hayaƙi, wai iska ce.

Yayana manomin albasa ne a wajen Galmi. Da ciwon baya ya fara, sai ƙafafu suka yi nauyi, takalmi ya kan zame masa bai sani ba, can kuma fitsari ya soma kufce masa. Rediyo ta fito tas. Wani likita, Allah ya saka masa, shi ya zaunar da mu ya ce rediyo ƙashi take nunawa, laka kuwa tana kwance cikin ramin ƙashin baya, ita ke kai saƙon ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu, kuma IRM, wata na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, ita ce ke fito da lakar sarai. Ya ce idan laka ta daɗe a danne, ko an yi tiyata ba lalle ƙafa ta dawo ba.

Sai Yamai, neman IRM. Sama da kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, da mutumin da zama ma ya gagare shi. Da muka isa, aka raba shi da zobe da maɓallai har da layunsa, domin maganaɗisu mai ƙarfi na'urar ke aiki da shi, ƙarfe ba ya kusantarta. Ya kwanta wajen rabin awa ba motsi, tana ruri kamar injin niƙa. Hoton ya nuna ƙari ya danne lakar. An cire shi, yanzu da sanda yake tafiya, kuɗin albasar shekara kuwa sun tafi.

Na'urar nan ba baƙuwa ba ce a duniya, tun 2003 aka ba masana kimiyya Paul Lauterbur da Peter Mansfield kyautar Nobel saboda ita. Ina kira ga hukumomin lafiya su duba yadda kowace jiha za ta samu tata, da wutar da ba ta ɗaukewa da masu gyara. Kafin nan, ma'aikatan asibitocin karkara su riƙa tura duk mai ciwon baya da ƙafarsa ta mutu ko fitsari ke kufce masa gaba a ranar, kada a sallame shi da maganin sanyi.

Wani malamin makaranta,
Tawa