Likita yana tambayar matata, ni kuwa ga ni zaune

Assalamu alaikum Malam,

Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi, shekarata 52. 'Yata ce ke rubuta wannan wasiƙa ina faɗa mata, domin hannuna ya daina riƙe biro.

Shekara 2 ke nan da almakashi ya fara suɓuce mini. Na ɗauka gajiyar ɗinkin sallah ce. Sai naman da ke gindin babban yatsana ya zube, dantsena yana rawa shi kaɗai, daga baya ƙafata ta kasa taka keke. Dangi suka ce sammu ne, na sha rubutu, an yi hayaƙi. A ƙarshe likita ya ce ALS ce: jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka ne ke mutuwa sannu a hankali. Ba ta warkewa. Maganin da ake kira riluzole ma 'yan watanni kawai yake jinkirta ta.

Na karɓi ƙaddara, Malam. Abin da ke cin raina daban ne. Tun da harshena ya yi nauyi, likitan ya daina kallona. Matata yake juyawa ya tambaya: "Yana haɗiye abinci? Yana barci?" Alhali hankalina bai taɓu ba, har yau a ka nake lissafin yadin kaftani. Ran nan ya ce mata da Turanci yawancin masu ciwon ba sa wuce shekara 2 zuwa 5, yana faɗa yana rubutu, ko kai bai ɗago ba. Ya zaci ban gane ba. Muka hau trotro, wato ƙaramar bas ta haya, har gida, ba wanda ya ce uffan.

Na san layin yana da tsawo, shi ma ɗan adam ne, yana gajiya. Amma wata nas ta taɓa durƙusawa daidai fuskata, ta jira na gama maganata ba ta ƙarasa mini ba. Da muka fita waje sai da na yi hawaye.

Ina da tambayoyin da ba na son yi a gaban matata, kan numfashi da bututun abinci, kuma ina so in yi su tun muryata tana fita. Ita ta ce in yi haƙuri kada mu ɓata da shi, tunda likitocin jijiya ba su da yawa a Gana. Malam, yaya zan roƙe shi ya dube ni ya yi magana da ni, ba tare da ya ɗauka raini ba ne? Ko in sa yarinyar ta rubuta masa takarda in miƙa masa?

Naka,
Wani tela daga Aboabo