Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Littattafai

Assalamu alaikum. Kwamitin da aka ɗora wa gyaran ɗakin da ake ajiye littattafan marigayi liman yana sanar da jama'ar unguwa cewa aiki ya kammala, an miƙa makulli ga magada.

Da farko matasanmu sun so a fara da sayen kyamara, a ɗauki hoton littattafan a zuba a kwamfuta. Da aka buɗe ɗakin sai magana ta canja. Gara ta ci azara, rufi yana yoyo ta kusurwar gabas, gafakar da ke can ƙasa kuwa danshi ya manne takardunta, tawada ta narke har ajamin ba ya karantuwa. Nan dattawa suka ce a fara da gini, kuma sun yi gaskiya.

An sauke tsohon rufi an buga kwano da silin, an ɗaga daɓe an yi masa siminti bayan an zuba maganin gara. Kantocin duk na ƙarfe ne, ba su jingina da bango ba. Taga ɗaya muka toshe saboda ƙurar hunturu, ko da yake magini bai so ba. An sa sola da batir, da teburin da za a rataye kyamara a samansa, don sikana mai murfi, wato na'urar da ake kifa takarda a kanta a ɗauki hotonta, tana danne tsohuwar takarda ta karye.

Aikin da ke gaba ya fi wannan buƙatar natsuwa. Yawancin littattafan ba a ɗinke suke ba, ba su da lambar shafi, sai kalmar da marubuci yake sawa a ƙasan warƙa don nuna farkon ta gaba. In suka hargitse, sai malami. Shi ya sa za a fara rubuta sunan kowane littafi da adadin warƙoƙinsa kafin a ɗauki hoto ko ɗaya.

Hotunan za a ajiye su wuri uku, ɗaya a wajen gari. Ba mu manta da Tumbuktu ba, inda aka ƙone dubban rubuce-rubuce a cibiyar Ahmad Baba a Janairun 2013. Za mu rubuta wa Gidan Arewa da ke Kaduna, cibiyar da ke adana takardun tarihi, mu nemi shawara.

Rasit da lissafin kuɗi suna hannun ma'aji, mai son dubawa ya same shi bayan la'asar. Allah ya saka wa duk wanda ya ba da gudummawa.