Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Shari'a na Tarayya

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Duk lokacin da aka kama ɗan jarida, sai a samu masu cewa wai 'yancin faɗin albarkacin baki kayan aro ne daga Turawa, bai dace da tarbiyyarmu ba. Gaskiya ne an rubuta shi a sashe na 19 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, amma kakanninmu sun nemi wannan haƙƙi tun Turawan mulkin mallaka ba su taka ƙasar Hausa ba.

Wajajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami lokacin sallar layya, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai karɓi dukiyar ba. Ya roƙi abubuwa biyar, na farkonsu a bar shi ya yi wa'azi a ƙasar, na biyu kada a hana kowa amsa kiransa. Bawa ya amince. Da Nafata ya hau sarautar Gobir ya toshe bakin masu wa'azi, ƙasa ba ta ƙara zama lafiya ba, har aka kai ga hijira zuwa Gudu a 1804. Kuma ai addininmu ne ya koya mana cewa mafificin jihadi shi ne faɗin gaskiya a gaban azzalumin shugaba. Kan wannan turba Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suka bi, Hajiya Gambo Sawaba kuma ta sha ɗauri da bulala saboda bakinta.

Mun ga Dokar soja ta 4 ta 1984 ta jefa 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor a kurkuku na shekara guda. Mun ɗauka wannan zamani ya tafi tare da soja. Sai ga sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa haƙƙin faɗin ra'ayi. An gyara shi a 2024, amma har yanzu matashi yana rubuta ƙorafi kan gwamna a Facebook, a zo cikin dare a ɗauke shi, uwarsa ta yi ta zagaye ofisoshin 'yan sanda da kwanon abinci a hannu ba ta san inda yake ba. Wannan yana ƙona min rai ƙwarai.

Ban ce a bar ƙazafi ba. Wanda aka ɓata wa suna ya tafi kotu ya nemi diyya, kamar kowa.

Ranka ya daɗe, tsarin mulki ya ba ka ikon janye tuhuma a laifukan tarayya. Ina roƙon ka duba fayil ɗin duk wanda ke tsare saboda sukar mai mulki, ka janye ƙarar, ka kuma umarci lauyoyin ma'aikatarka su daina shigar da irinta.

Wassalam,
Wani ɗan ƙasa daga Sakkwato