Fentin ƙaramin jirgin Spitfire: a bi shekara, a kula da nauyi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu ɗan fili mu ja hankalin masu ƙera ƙananan jiragen yaƙi na da, masu tashi da rimot.

Spitfire, jirgin yaƙin Ingila na Yaƙin Duniya na Biyu, faɗin fikafikansa daga gefe zuwa gefe mita 11.23 ne. In an rage shi zuwa kashi ɗaya cikin takwas, ya koma mita 1.4. Yawanci wajen fenti ake yin tuntuɓe. A 1940 saman jirgin kore ne mai duhu da ruwan ƙasa, daga Agustan 1941 toka-toka ya maye gurbin ruwan ƙasar. Ratsin fari da baƙi kuwa na Yunin 1944 ne, uku farare biyu baƙaƙe, kowane faɗinsa inci 18, wato santimita 5.7 a ƙaramin. Wanda ya ɗora su kan fentin 1940 ya haɗa zamani biyu.

Fentin feshi na gwangwani yana cinye soson da ake ƙera ƙaramin jirgin da shi, a yi amfani da wanda ake haɗawa da ruwa, shafi biyu marasa kauri, maras ƙyalli. Hancin Spitfire gajere ne, wutsiyar doguwa, don haka ɗan fentin da ya yi yawa a baya sai an biya shi da darma ninkin-ba-ninkin a gaba. Bayan ya bushe, a ɗaga jirgin bisa yatsu biyu, wajen kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na faɗin fiffike (gabansa zuwa bayansa), a auna daga gaba. In wutsiya ta rinjaya, a matsar da batir gaba tukuna, in ba haka ba yana tashi zai ɗaga hanci ya kife.

Naku,
Wasu masu karatu