Ɗaukaka ƙara tun shari'a ba ta ƙare ba yana kashe talaka

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya.

Gonar gadonmu muke shari'a a kanta yau shekara 7, kuma wallahi har yanzu ba a saurari shaida ko ɗaya ba. Tun zama na biyu lauyan ɗaya ɓangaren ya tashi ya ce kotu ba ta da hurumi, alƙali ya ce yana da shi, shi kenan sai suka ɗaukaka ƙara kan wannan ɗan hukuncin, suka nemi a dakatar da komai, fayil ya tafi sama mu kuma muka zauna jira, damina na zuwa tana wucewa gona ta koma saura. Baffanmu da ya san iyakokinta tun daga tsamiya har bakin rafi Allah ya yi mashi rasuwa bara. Wa zai ba da shaidar yanzu?

Doka ta ba mutum kwana 14 ya ɗaukaka ƙara kan irin wannan hukunci na tsakiyar shari'a, amma sauraron sa fa? Sai ya ci shekaru. Kuma ba yau aka fara ba, shari'ar Amadi da NNPC shekara 13 ta yi kan maganar hurumi kaɗai kafin Kotun Ƙoli ta mayar da ita ƙasa a 2000 a fara daga farko.

Abin da ya fi mani ciwo, an san maganin. Dokar shari'ar manyan laifuka ta 2015, sashe na 306, ta hana dakatar da shari'a don an ɗaukaka ƙara, Kotun Ƙoli ma ta tabbatar da haka a shari'ar Olisa Metuh a 2017. A shari'ar zaɓe kuma alƙali yana ajiye irin wannan ƙorafin sai ranar hukuncin ƙarshe. To me ya hana a yi wa shari'ar gona da gida haka?

Ban ce a toshe ƙofar duka ba, wanda aka hana beli ko za a rushe mashi gida ba ya iya jira, a bar mashi hanya. Amma sauran ƙorafe-ƙorafen lauya ya rubuta ya riƙe, in an gama ya haɗa su ya tafi sama sau ɗaya. 'Yan majalisarmu na Katsina da ke Abuja, don Allah ku ɗauki maganar nan.

Naku,
Wani manomi daga Daura